Linda Ronstadt: Me ya kai sarauniyar rok dandamalin wasan kwaikwayo?

A farkon shekarar 1980 babu wata mace a kiɗan rok na Amurka da ta kama ƙafar Linda Ronstadt a kasuwa. Fayafayanta miliyoyi ake saye, filayen wasa masu cin mutum dubu goma sha take cikawa, mujallar Time ta riga ta buga hotonta a bango tun 1977. Ana cikin haka sai aka ji ta tattara ta koma New York, ta shiga wani wasan kwaikwayo na waƙe da aka rubuta tun 1879, a wani dandali da ke tsakiyar lambun Central Park, inda ko kuɗin shiga ba a karɓa. Masu harkar fayafayai suka riƙe baki. Wasu suka ce gundura ce irin ta wanda kuɗi suka yi wa yawa, wasu suka ce neman suna ne a wurin masu ilimi. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma wanda ya bi tarihin matar a hankali zai ga cewa maganar duk a kan murya take, da kuma irin wurin da ake iya jin murya.

An haife ta ranar 15 ga Yuli, 1946, a Tucson ta jihar Arizona. Garin yana da nisan kusan kilomita 100 daga iyakar Meziko, kuma har zuwa 1854 yana cikin ƙasar Mezikon ne kafin Amurka ta saye yankin. Kakan mahaifinta Bajamushe ne, injiniya, da ya yi ƙaura zuwa Meziko ya yi aure a can. Kakanta Federico Ronstadt a jihar Sonora aka haife shi, ya zo Tucson yana saurayi, ya zama maƙerin keken doki, ya kuma kafa ƙungiyar makaɗa a garin. Mahaifinta Gilbert ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan ƙarfe da na noma, amma in dare ya yi sai ya ɗauki jita ya yi ta rera waƙoƙin Meziko da Sifaniyanci. Mahaifiyarta Ruth Mary 'yar Michigan ce, ɗiyar Lloyd Copeman, wanda ya yi suna wajen ƙirƙirar kayan amfanin gida irin su murhun lantarki. A gidan nan ana jin opera a rediyo, ana jin Frank Sinatra a garmaho, ana jin Hank Williams da waƙoƙin ƙauye na kantiri, ana kuma buga waƙoƙin Gilbert da Sullivan, Turawan Ingila masu rubuta wasannin kwaikwayo na waƙe, a fiyano. Ita da kanta ta sha faɗa cewa duk wani salon waƙa da ta yi a rayuwarta, ta ji shi a falon gidansu kafin ta kai shekara 10. Wannan magana ce mabuɗin komai. In aka duba jerin, rok ne ma baƙo a cikinsu.

Ta bar jami'a ta tafi Los Angeles a ƙarshen 1964 tana da shekara 18. Ita da Bobby Kimmel da Kenny Edwards suka kafa ƙungiyar Stone Poneys, waƙarsu ta 1967 kuma, "Different Drum", wadda Michael Nesmith ya rubuta, ta kai mataki na 13 a jadawalin waƙoƙin Amurka. Kamfanin Capitol ya gane cewa muryar yarinyar ake saye, ba ƙungiyar ba, sai ta ci gaba ita kaɗai. Shekaru kusan bakwai da suka biyo baya na fafutuka ne: yau wannan gari, gobe wancan, tana buɗe fage ga manya irin su Neil Young, tana fama da makaɗa maza da ba su cika son karɓar umarni daga mace ba. A 1971 ta ɗauki wasu samari su yi mata kiɗa, cikinsu akwai Don Henley da Glenn Frey. Daga bayanta suka tashi suka haɗu da Bernie Leadon da Randy Meisner suka kafa ƙungiyar Eagles, kuma ba ta hana su ba, ita ce ma ta ƙarfafa musu gwiwa.

Ƙofa ta buɗe ne lokacin da Baturen Ingila Peter Asher ya zama manajanta kuma furodusanta. Albam ɗinsu na 1974, Heart Like a Wheel, ya hau mataki na ɗaya a farkon 1975, waƙar "You're No Good" ma haka. Simple Dreams na 1977 ya yi mako 5 a saman jadawali, ya ture Rumours na Fleetwood Mac da ya shafe watanni a wurin. Living in the USA na 1978 kuwa, kwafi miliyan 2 aka fitar zuwa shaguna tun kafin a fara sayarwa. Ga kuma 'yan jarida da suka sa ta a gaba saboda soyayyarta da gwamnan Kalifoniya Jerry Brown, har suka bi su Laberiya da Kenya a 1979.

Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan, don shi ne ya bambanta ta da yawancin taurarin zamaninta. Linda ba marubuciyar waƙa ba ce. Waƙoƙin da ta sa hannu wajen rubutawa ba su taka kara sun karya ba. A shekarun 1970 kuwa, bayan Bob Dylan da Joni Mitchell, masu sharhi sun riga sun yanke cewa mawaƙin gaske shi ne mai rera abin da ya rubuta da hannunsa. Saboda haka aka yi ta yi mata gorin cewa da kayan aro take ado: ta ɗauko ta Roy Orbison, ta ɗauko ta Buddy Holly, ta ɗauko ta Smokey Robinson. A ganina wannan gori bai da tushe. Zaɓen waƙa da sanin yadda za a zauna a cikinta fasaha ce mai zaman kanta, kuma marubuta irin su Warren Zevon da Karla Bonoff da 'yan'uwan nan mata McGarrigle ta bakinta jama'a da yawa suka fara jin aikinsu. Amma gorin ya nuna wani abu na gaskiya. Wanda ke rubuta waƙarsa yana da labarin da zai ci gaba da bayarwa ko da muryarsa ta dushe. Ita kuwa jarinta duka a maƙogwaro yake. In muryar ta tsaya wuri ɗaya, ita ma ta tsaya.

To, a filin wasa murya tsayawa take yi. Waɗannan manyan zauruka an gina su ne don ƙwallon kwando da wasan ƙanƙara, siminti ne da ƙarfe. Sautin jita da ganga yana fita daga lasifika ya bugi bango ya dawo, ya haɗu da wanda ke fita yanzu, ga ihun mutum dubu goma sha biyar a kai. Mawaƙiya ba ta jin kanta sosai. Dabarar da ta rage mata ita ce ta buɗe ƙirji ta turo murya da ƙarfi don ta keta kiɗan. Linda gwana ce a wannan, shi ya sa aka san ta. Sai dai duk wata waƙa mai laushi, mai buƙatar a ja numfashi a sauke murya ƙasa-ƙasa, a irin wannan wuri ɓacewa take yi. Kuma jama'ar da suka biya kuɗi waƙoƙin da suka ji a rediyo suke so, yadda suka ji su, kowane dare. Ta sha kokawa da cewa a waɗannan filaye ba a sauraron kiɗa, taro kawai ake yi. Ga gajiyar hanya, ga kaɗaicin otal. Mace mai shekara 33 da ta san akwai wani ɓangare na muryarta da ba ta taɓa amfani da shi a bainar jama'a ba, dole ta fara waige-waige.

Mutumin da ya ba ta mafita shi ne Joseph Papp, wanda ya kafa bikin wasannin Shakespeare na New York da gidan wasa na Public Theater. Aƙidar Papp ita ce wasan kwaikwayo ba na masu kuɗi kaɗai ba ne, shi ya sa duk bazara yake shirya wasanni kyauta a dandalin Delacorte, fili ne a buɗe mai kujeru wajen 1,800, mutane su yi layi tun safe don samun tikiti. John Rockwell, mai sharhin kiɗa na jaridar New York Times, shi ya haɗa su. Da Papp ya tashi shirya The Pirates of Penzance na W. S. Gilbert da Arthur Sullivan don bazarar 1980, sai ya tuna da ita.

Wasan barkwanci ne irin na Ingilishin zamanin Sarauniya Victoria. Wani yaro Frederic an ba da shi koyon sana'a wurin 'yan fashin teku bisa kuskure, da sharaɗin zai zauna da su har ranar zagayowar haihuwarsa ta 21. Ya cika shekara 21, ya yi sallama da su, ya haɗu da Mabel ɗiyar wani Manjo Janar, soyayya ta ƙullu. Sai 'yan fashin suka dawo da lissafi: ai ranar 29 ga Fabrairu aka haife shi, ranar da ba ta zuwa sai bayan shekara huɗu-huɗu, don haka sau 5 kacal ta zagayo, saura masa shekaru sittin da 'yan kai. Shi kuma bawan Allah mai riƙon alƙawari ne har ya yi yawa, ya yarda. Darakta Wilford Leach ya kakkaɓe wa wasan ƙura, aka sake tsara kiɗan da na'urorin zamani, Kevin Kline ya fito a Sarkin 'Yan Fashi yana tsalle-tsalle da takobi har yana kai wa madugun makaɗa hari, George Rose ya zama Manjo Janar, mawaƙin matasa Rex Smith ya zama Frederic. Linda ita ce Mabel.

Nan ne gizo ke saƙa. An rubuta waƙoƙin Mabel ne don siririyar muryar mace ta can sama, wadda ke gudu a kan sautuka da sauri kamar ana kaɗa ƙararrawa. Sullivan da gangan ya yi haka, yana tsokanar jaruman opera na Italiya. Ba a yin wannan da ƙirji. Masu koyar da waƙa suna raba murya gida biyu, ta ƙirji da ta kai. Ta ƙirji ita ce kusa da yadda mutum ke magana ko kiran wani daga nesa, tantanin maƙogwaro yana kauri yana haɗuwa sosai. Ta kai kuwa tantanin miƙewa yake ya yi siriri, sautin ya yi sama ya yi haske, ƙarfinsa kuma daga sarrafa numfashi yake zuwa, ba daga turawa ba. Shekara 15 Linda tana gina ta farko, ta biyun tana kwance tun ƙuruciya. Sai da ta zauna gaban malamar murya, Marge Rivingston, ta koma ɗaliba. Ta kuma roƙa aka ƙara mata waƙa guda da aka aro daga wani wasan na Gilbert da Sullivan, H.M.S. Pinafore, saboda tana sonta tun tana yarinya.

Wasan ya karɓu fiye da zato. Aka ɗauke shi zuwa Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, ya buɗe a gidan wasa na Uris ranar 8 ga Janairu, 1981, daga baya ya koma Minskoff, aka yi shi sau 787 kafin a rufe, ko da yake ita ta bar shi tun da wuri, Karla DeVito ta gaje ta. A kyaututtukan Tony na wasannin Broadway na 1981 wasan ya lashe na farfaɗo da tsohon aiki, Leach ya ci na darakta, Kline ya ci na jarumi. Linda ta shiga jerin 'yan takarar jaruma, amma Lauren Bacall ce ta ɗauka. An mayar da shi fim a 1983, sai dai kamfanin Universal ya sake shi a talabijin na biya a lokaci guda da sinima, masu gidajen sinima da yawa suka yi fushi suka ƙi nunawa, fim ɗin ya faɗi.

Shin ta iya wasan kwaikwayo? Gaskiya ba sosai ba, kuma ita ma ba ta taɓa da'awar haka ba. Sa'ar da ta yi ita ce Mabel ba ta buƙatar zurfi: budurwa ce mai manyan idanu da farar riga da hula, aikinta ta tsaya ta yi mamaki ta rera. Rashin sabon Linda da dandamali ma sai ya dace da rawar. Inda aka gane iyakarta shi ne a 1984, da Papp da Leach suka sake gwada ta a La Bohème na Puccini, da Ingilishi, a matsayin Mimi mai ɗinki da tarin fuka ke kashewa. Wannan rawa tana son muryar tsakiya mai kauri wadda aka horar shekara da shekaru, tana kuma son 'yar wasa da za ta mutu a gaban jama'a su yarda. Masu sharhi ba su yi mata da daɗi ba, wasan bai je Broadway ba. Daga nan ba ta sake neman zama jarumar labarin wani ba. Don haka in an kira ta 'yar wasan dandamali, a san cewa wasanni ƙalilan ake nufi. Amfanin da ta ci daga dandamali ba a dandamalin ya tsaya ba.

Da ta koma ɗakin ɗaukar sauti tana da murya hawa biyu, kuma ta koyi haɗa su ba tare da an ji gaɓa ba. Abu na farko da ta nufa shi ne tsofaffin waƙoƙin Amurka na shekarun 1920 zuwa 1950, na su Gershwin da Irving Berlin. Ta fara gwadawa da furodusa Jerry Wexler, ta saurara, ba ta gamsu ba, ta jingine aikin duk da kuɗin da aka kashe. Sai ta nemi Nelson Riddle, dattijon da ya tsara wa Sinatra da Nat King Cole kiɗa. Shugabannin kamfaninta suka ce wannan kashe kai ne, a lokacin da tashar bidiyon waƙa ta MTV ke tashe wa zai sayi waƙar kakanni da goge arba'in a bayanta? What's New ya fito a 1983, ya kai mataki na 3, ya sayar da fiye da miliyan 3 a Amurka kaɗai. Suka ƙara biyu, na ƙarshen ya fito a 1986 bayan Riddle ya rasu a 1985. Masana jaz sun ce ba ta da sassaucin Ella Fitzgerald ko Billie Holiday wajen wasa da lokaci, kuma suna da gaskiya, tana bin layin waƙa ne tiryan-tiryan. Duk da haka ita ce ta share hanyar da Rod Stewart da wasu taurarin rok suka bi shekaru bayan nan.

A wannan tsakanin ne ta yi abin da har yau ake tuna mata. A 1983 ta je Sun City a Afirka ta Kudu ta yi wasanni, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata. An gina wurin shaƙatawar ne a Bophuthatswana, ɗaya daga yankunan da gwamnatin ta ware wa baƙar fata ta kira su ƙasashe don yaudarar duniya. Ta kare kanta da cewa ba ta goyon bayan wariya kuma bai kamata siyasa ta tsare kiɗa ba. Hujjar ba ta da ƙarfi, don su 'yan gwagwarmayar ƙasar ne da kansu suka roƙi a ƙaurace. Da Paul Simon ya sa ta a albam ɗinsa na Graceland a 1986, maganar ta sake tasowa.

Babban aikin da duk wannan hanya ta kai ta gare shi ya zo a 1987. A farkon shekarar ta fitar da Trio tare da Dolly Parton da Emmylou Harris, a ƙarshenta kuma ta fitar da Canciones de Mi Padre, waƙoƙin mahaifinta, da Sifaniyanci zalla. Sunan ma gado ne: gwaggonta Luisa Espinel, mawaƙiya ce, ta taɓa tattara waƙoƙin gidansu a ɗan littafi mai wannan suna, Jami'ar Arizona ta buga a 1946. Linda ta ɗauko Rubén Fuentes ya tsara kiɗan, ta kawo manyan ƙungiyoyin mariyaci, makaɗan gargajiya na Meziko, ciki har da Mariachi Vargas de Tecalitlán. Waƙar ranchera ta Meziko tana son mawaƙiya ta buɗe ƙirji gaba ɗaya a kan ƙaho da goge, ta riƙe sauti guda har mai sauraro ya fara tausaya wa huhunta, sannan a salon huapango ta karya muryar ta yi tsalle zuwa sama ta dawo cikin ƙiftawar ido. Wato ana buƙatar ƙarfin da ta samu a rok da kuma hawan da ta koya wurin Mabel, duka a layi ɗaya. Lola Beltrán, sarauniyar wannan salo, ita ce gwanarta tun tana ƙarama, amma da a 1975 ta gwada bin sawunta, da rabin kayan aikin za ta je.

Kamfani ya sake nuna shakku, aka sake ba shi kunya. Albam ɗin ya sayar da fiye da miliyan 2, ya zama wanda ya fi kowane albam da ba na Ingilishi ba kasuwa a tarihin Amurka zuwa lokacin, ya kuma ci Grammy. Ga 'yan asalin Meziko da aka haifa a Amurka, waɗanda aka doki iyayensu a makaranta saboda yin Sifaniyanci, ganin tauraruwar da suka ɗauka Baturiya ce sanye da kayan gargajiya na jihar Jalisco ta Meziko tana rera waƙar kakarsu ba ƙaramin abu ba ne. Ta mayar da albam ɗin wasan dandamali mai raye-raye da sutura da fage-fage, ta kai shi gidan Minskoff a Broadway a 1988, ɗaukar da aka yi don talabijin kuma ta jawo mata kyautar Emmy a 1989. Wannan karon ba ta kwaikwayon kowa, kuma a nan ne ta fi sakewa a kan dandamali. A 1989 ta koma waƙar zamani da Aaron Neville na New Orleans, "Don't Know Much" ta kai mataki na 2, suka ci Grammy tare.

Wajen shekarar 2000 ta fara jin maƙogwaron ba ya bin umarni. Takan nufi sauti, muryar ta tafi wani wuri ko ta maƙale. Ta yi ta lallaɓawa har wasanta na ƙarshe a San Antonio a Nuwamban 2009, ta sanar da ritaya a 2011. A 2013 ta bayyana cewa likitoci sun ce cutar Parkinson ce, kuma ko sauti guda ba ta iya rerawa. A 2019 aka gyara binciken, aka ce wata cutar ƙwaƙwalwa ce mai kama da ita da ake taƙaita sunanta da PSP, wadda ke lalata sassan da ke sarrafa tafiya da motsin ido da haɗiya da magana. Waƙa aiki ne na ƙananan tsokoki masu yawa da dole su motsa tare a daidai lokaci, shi ya sa a wurinta can cutar ta fara nuna kanta, shekaru kafin a sa mata suna.

Karramawa ta biyo baya a jere. A 2014 aka shigar da ita zauren gwarazan rok, ba ta iya halarta ba, Glenn Frey, yaron kiɗanta na 1971, shi ya gabatar da ita. A shekarar ce Shugaba Barack Obama ya rataya mata lambar fasaha ta ƙasa, a 2019 kuma Cibiyar Kennedy ta karrama ta. Ba ta taɓa aure ba, ta ɗauki riƙon yara biyu ta raine su, ta zauna a San Francisco. Littafinta da ya fito a 2022 a kan yankin Sonora ne da abincinsa da iyakar da ta raba danginta gida biyu, kuma ta daɗe tana tallafa wa Los Cenzontles, wata makaranta a Kalifoniya da ke koya wa yara 'yan asalin Meziko kiɗa da rawar ƙasar.